Mutanen Sin na Gidanmu

Ina wanke shinkafar rana wayata ta yi ƙara. Hannuna da ruwa, sai na danna ta da bayan yatsa na maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa. Abokin cinikin maigidana ne, mutumin Maraɗi, wanda suke shago ɗaya a unguwar Aziziyya, nan Makka. Ba ya kirana sai in maigidan ya manta wayarsa a gida. Ya yi sallama, ya gaishe ni, ya sake gaishe ni. Da na ji ya ɗauko wata gaisuwar kuma, sai na ajiye kwanon na zauna a ƙasa.

"Hajiya, sai haƙuri," ya ce. "Yana zaune a kujerarsa ya ce in miƙo masa ruwan zafi. Kafin in juyo, shi ke nan."

Na yi innalillahi. Na ce masa na ji. Na tashi na rufe famfo, don na bar shi yana zuba.

A Makka ba a jinkiri. Bayan la'asar an sallace shi a Harami, kafin magariba maza sun dawo daga maƙabarta. 'Yarmu ɗaya ce, tana karatun aikin jinya. Aka je aka ɗauko ta daga makaranta, ta shigo ta rungume ni tana kuka tana magana, kuma duk abin da ta faɗa da Larabci ta faɗa. A ranar ban kula ba. Sai da aka kwana biyu, masu gaisuwa suka ragu, na lura tun da aka yi rasuwar ban ji kalmar Hausa ko ɗaya daga bakinta ba. Abin ya tsorata ni, ban kuma iya faɗa wa kowa ba, don a gidan rasuwa wa zai ɗauki wannan a matsayin damuwa? Amma ni na san wahalar da aka sha kafin Hausa ta zauna a bakin yarinyar nan. Ubanta ne ya sha wahalar, shi da wasu mutanen ƙasar Sin waɗanda ba a taɓa haifa ba.

Ni da shi duk a unguwar Nakkasa ta Makka aka haife mu. Kakanninmu ne suka zo hajji a ƙasa, suka zauna. A gidajenmu Hausa ake yi, Hausar Kano da aka barbaɗa wa Larabci, wani gidan hannunsu ya fi na wani nauyi. Ita kuwa 'yarmu tun da ta shiga makaranta ta juya. Tana ji sarai, ba ta mayarwa. In na ce zo nan, ta ce "ɗayyib". In na ce me kika ce, ta ce "wala shai", wato ba komai. Na yi faɗa, na yi lallashi. Ta ce a makaranta in aka ji ta da Hausa sai a ce mata Takari a yi dariya. Uban bai taɓa yi mata faɗa ba. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata, kuma a cewarsa ɗa na gari ba ya ɗaga wa uwarsa murya.

Shagonsu na tsarabar alhazai ne: carbi, darduma, hula, turare, zobe. A kwanakin Mina kasuwa takan tsaya, tunda masu saye duk suna can, sai ya karɓi aikin tantuna. Ya riƙe tuta ya kai alhazai wurin jifa, ya dawo da su ba tare da ya zubar da kowa a hanya ba. Wata shekara, lokacin yarinyar ba ta wuce shekara goma ba, aka tura shi tantunan alhazan Sin.

Ranar farko ya kira ni, muryarsa a sama.

"Hajiya, mutanen nan sun raina ni."

"Su wa, Alhaji?"

"'Yan Sin ɗin mana. Duk wanda ya gan ni sai ya yi murmushi ya faɗi wata magana. Na tambayi tafintansu, ya ce wai tambayata suke ko na ci abinci. Tsoho ya tambaya, tsohuwa ta tambaya. Sun ga baƙin mutum, sun ɗauka bara na zo yi."

Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya tashi a garin nan da irin fatarmu ya san yadda baƙo yake miƙo maka riyal kana tsaye kana jiran mota.

"To me ka ce musu?"

"Gaskiya na faɗa. Na ce ban ci ba. Sai ga shi sun rikice, wannan ya kawo busasshiyar taliya, wannan ya kawo wani ganye mai tsami a kwalba, wata ta cusa min ƙwai a aljihu. Ni da rigar aiki da tuta!"

Da aka gama Mina ya dawo gida, tun daga bakin ƙofa yake dariya. Ashe tafintan, wani saurayi mai karatun Larabci, ya ja shi gefe ya warware masa. Ba tambaya ba ce, gaisuwa ce. In an ce ka ci abinci, sai ka ce na ci, ko da rabonka da abinci tun jiya, kai ma ka mayar da tambayar, kowa ya wuce.

Na ce, "Wato kamar a ce maka ina gajiya, ka ce akwai ta kuwa, zo ka matsa min ƙafa."

"Haka na yi musu, Hajiya. Kwana da kwanaki ina sa tsofaffi matsa min ƙafa."

Da wani ne, da an yi dariya an wuce. Shi kuwa abin ya tsaya masa. Wane irin mutane ne za su mayar da abinci gaisuwa? Ya ce ya tambayi wani dattijo mai siririn gemu a tantin, tafinta yana fassarawa. Dattijon ya ce yana yaro an yi wata yunwa a ƙasarsu har aka ci ɓawon itace. Kafin yunwar hukuma ta sa kowane gida ya kawo tukwanensa na ƙarfe a narkar, wai ƙasa tana bukatar ƙarfe, abinci kuma a ci a wuri ɗaya. Tafintan ya ƙara da cewa gaisuwar ta girmi wannan yunwar nesa ba kusa ba, amma maigidana ya riga ya ɗauki abin da yake so.

Juma'ar da ta biyo baya, mun gama cin abincin rana, ya jingina da bango ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Akwai wani mutum a wani ƙauye a Sin, Musulmi, sana'arsa taliya."

Yarinyar tana kwance tana wasa da gefen labule.

Ya ce mutumin ba ya amfani da inji. Yakan kama curin ƙulli ya ja, ya ninka, ya ja, ya ninka, har ya zama zare. Ya nuna mana da hannu, ya kusa kifar da butar shayi. Ya ce Mai Taliya yana da tukunya ɗaya da ya gada, yana kuma da uwa tsohuwa wadda aka ɗaure wa ƙafa tun tana ƙarama, zamanin da ake ganin ƙaramar ƙafa ita ce kyau, har ƙafar ba ta wuce tafin hannun yaro ba. Ranar da masu karɓar tukwane suka shigo ƙauyen, tsohuwa ta ce a kife tukunyar a tsakar ɗaki. Ta hau ta zauna, ta baza rigarta ta rufe. Suka shigo suka bincika ko'ina. Babbansu ya tsaya a kanta ya ce, iya, tashi.

Nan ya tsaya, ya ɗauki kofinsa.

Yarinyar ta saki labule. "U ba'den?"

Ya kurɓi shayi.

"Abuya! U ba'den?"

"Hajiya, kin ji kamar ana magana? Kunnena na Larabci na baro shi a Mina. Cunkoso ya yi yawa, ya faɗi."

Ta kalle ni, na kalli silin. Ta yi ƙunƙuni, ta buga ƙafa. Can ta ce, a hankali kamar mai taka ƙaya, "Sai... me ya faru?"

"Yauwa, Uwata! Sai tsohuwa ta miƙa masa hannu biyu ta ce, ɗana, ɗaga ni, amma ka sani rabona da wanka tun kafin sanyi."

Haka mutanen Sin suka tare a gidanmu. Kowace Juma'a bayan abinci suke fitowa, kuma ƙa'idar ɗaya ce: mai tambaya ya yi da Hausa. Bai taɓa ba su suna ba. Ya ce sunayensu ba sa zama a harshensa, in ya gwada sai ya ji kamar cokali ya faɗi a siminti. Daga Tsohuwa sai Mai Taliya sai Ɗan Mai Taliya, sai limamin ƙauyen da suke ce wa ahun, kalma ɗaya da ya riƙe daidai yake kuma alfahari da ita.

Daga shekarar nan shi yake roƙo a tura shi tantunan Sin. Abokan aikinsa suna gudun wurin saboda ba a jin magana, shi yana nema. Kowace shekara alhazan daban ne, kowa kuma da guntun abin da zai ba shi. Wani ya ba shi labarin yaƙi da Japan da ya ji daga kakarsa. Wata ta ba shi labarin shekarar da aka sa su buga kwanoni su hana tsuntsaye sauka har tsuntsayen suka riƙa faɗowa don gajiya, daga baya ƙwari suka cinye gonaki. Ya kwaso duka ya kawo gida ya ɗora wa Mai Taliya. Mutum ɗaya, amma babu abin da ya faru a ƙasar Sin da bai faɗo a kansa ba.

Ba labari kaɗai ya kwaso ba. Ya koyi shan ruwan zafi zalla, a zafin Makka, yana cewa yana gyara ciki. Ya zo da wani kofi mai murfi da aka ba shi, yana zuba ganyen shayi da dabino da dunƙulen sukari, yana tura ganyen gefe da murfin kamar wanda aka haifa a can. Wata rana ya zo da tsinkayen da suke cin abinci da su, ya ce yau da su za mu ci. Tuwon shinkafa na yi da miyar kuka. Tuwon ya yarda, an soke shi kamar tsire. Miyar ce ta ƙi. Muka tashi da kuka a riga, kuka a darduma, yarinyar tana birgima tana cewa, "Baba, wallahi ko su ba za su iya ba!" Na riƙe wannan jimlar, don ita ce ta farko da na ji ta yi doguwa haka ba tare da ta jingina da Larabci ba.

Zagin farko ma a labarin ta yi shi. Ya kai mu shekarun da aka rufe masallatai, samari suka ɗaura jan ƙyalle a dantse suna bi gida gida suna ƙona tsofaffin littattafai. Ahun ya koma kiwon dabbobi. Mai Taliya ya naɗe Alƙur'aninsa a fata ya tura ƙasan buhun gari, yana sallah a zaune a bayan murhu kamar mai gyangyaɗi. Sai ga nasa ɗan ya shigo da jan ƙyalle a dantse, da abokansa a baya, ya nufi buhun.

"Ɗan banza!" in ji yarinyar.

Na ce, "Ke! A ina kika koyi wannan?"

Uban ya ce, "A wurinki mana, Hajiya, ranar da mai gas ya kawo tulu rabi. Bar ta, ta faɗa daidai, har da karin sautin."

Ɗan dai ya zura hannu cikin garin, ya taɓa fatar, ya zaro hannunsa ya kakkaɓe, ya ce wa abokansa babu komai sai ƙwari. Yarinyar ta ce to ta janye rabin zagin.

Da ta girma ta samu waya, sai ta koma mai binciken ubanta. Yana cikin magana tana latsawa. Ranar da ya ce Mai Taliya ya ɗora kaya a raƙumi ta ce yau ta kama shi, ina Sin ina raƙumi. Ta duba. Akwai, har mai tozo biyu.

"Na faɗa miki," in ji shi. Da ta fita ya raɗa min cewa wallahi ƙirƙira ya yi, Allah ne ya rufa asiri.

Amma ta kama shi ranar da ya sa Mai Taliya ya ɓare goro ya ba ahun.

"Goro, Baba? A Sin?"

"Wani Bakano ne ya kai. Akwai inda ba sa zuwa?"

Ta kuma lissafa masa cewa in Tsohuwa ta ga zamanin sarki na ƙarshe, ta kuma kai zamanin talabijin mai kala, to ta wuce shekarun da ɗan Adam yake yi. Ya ce ruwan zafi take sha. Ya ƙi kashe ta. Duk lokacin da ta kwanta ciwo sai ta tashi ta nemi taliya.

Akwai Juma'ar da ba a yi dariya sosai ba. Ɗan Mai Taliya ya girma, ya yi nadama, ya sa farar hula, ya tafi birni neman aiki. A birni aka ga ba ya cin abin da suke ci, aka ce masa, kai anya ɗan ƙasar nan ne? Ku ai baƙi ne, daga yamma kakanninku suka zo. Ya yi shekaru yana tara guziri ya zo hajji, yana murna zai ga 'yan'uwa. A Makka kuma mai shago ya kira shi "ya Sini", ya ce ya karanta Fatiha a ji, da ya karanta aka taru ana mamaki kamar akuya ta yi magana.

Yarinyar ta dubi ubanta. Sannan ta ce, "Baba, da mu kake."

"Da ku wa? Ni labarin Sin nake yi."

"Ranar da ka je Kano ba Balarabe suka ce maka ba?"

"Wannan daban. Wannan don su tsuga min kuɗin mota ne."

Bai taɓa amsa cewa da mu yake ba, ko sau ɗaya. Ko lokacin da aka zo rushe Nakkasa. An bi layinmu an fesa jan fenti a bango, muna ta ɗaure kaya a kwali, mun samu wani gida a gefen gari inda ba mu san kowa ba. Juma'ar ƙarshe a tsohon gidan muka ci abinci a kan kwalaye. Ya ce a garin su Mai Taliya ma an wayi gari an zana wani harafi a bangon kowa, an kewaye shi da da'ira. Ya tsoma yatsa a shayi ya zana mana a kan tire, yadda wani alhaji ya nuna masa. Ya ce ma'anarsa a rushe.

"Wannan kam Nakkasa ce," in ji ta.

"Sin ce. Su ma suna da katafila. Ke ba ki san can ake ƙera ta ba?"

A ranar ya bar Tsohuwa ta mutu. Ta ce ƙafarta ba za ta iya hawa benen da za a mayar da su ba, a bar ta a nan. Aka kwana, ba ta tashi ta nemi taliya ba. Yarinyar ba ta kawo maganar lissafin shekaru ba. Ta shiga banɗaki ta daɗe.

A sabon gida labarin ya koma kan jikar Mai Taliya. Ita kaɗai ce wurin iyayenta, ya ce, saboda dokar ƙasar ta haihuwa ɗaya. Mai bincike ta latsa waya ta ce ai an sassauta wa irin su Mai Taliya, suna iya yin fiye da ɗaya. Ya ce, "To, Allah ne bai ba su ba." Na tashi na kwashe kwanuka.

Jikar ta bar ƙauye ta tafi wani babban birni a kudu, ta shiga masana'antar ɗinkin darduma. Nan ne ya ji daɗi, don kusan duk abin da ke shagonsa daga can yake zuwa. Ya riƙa zuwa mana da shaida. Ya kawo wata darduma da ɗinkin gefenta ya karkace ya shimfiɗa a gabanmu.

"Aikinta ne. Ranar tana tunanin gida."

"Ko kuma ba ka iya sayar da ita ba ka kawo mana," na ce.

"Hajiya, ke ba ki da tausayin ma'aikata."

Ya ce jikar ta daɗe a birni har maganar ƙauyensu ta fara zame mata. In kakanta ya kira ta a waya yana yi da harshen gida, ita tana mayar masa da na birni, na makaranta. Tsohon yana ji, amma sai ya ce layin ba kyau. Yarinyarmu, wadda a lokacin ta zama budurwa tana shirin shiga makarantar jinya, ta ɗauki matashin kujera ta jefe shi da shi.

Juma'ar da ta zama ta ƙarshe, ya kai mu sabuwar shekararsu, lokacin da kowa yake komawa garinsu. Ya ce tashar jirgin ƙasa ta cika kamar hanyar jifa ranar sallah, ba ka tafiya, tafiya ake yi da kai. An aiko wa jikar cewa Mai Taliya yana kwance, hannun da yake jan ƙulli ba ya ɗaguwa. Ta samu tikiti da kyar. Tana tsaye a layi da jakarta, tana ta maimaita gaisuwar ƙauye a ranta don kada ta isa ta yi masa maganar birni.

"Za ta same shi da rai?" in ji 'yarmu.

"Juma'a, in Allah ya kai mu."

"Baba, don Allah."

"Uwata, jirgin ma bai zo ba."

Ranar Talata aka kira ni.

Na shiga takaba. Juma'a ta zo, muka ci abinci, ta kwashe kwanuka ta shige ɗaki. Wata Juma'ar ta zo, haka. Tana kula da ni, ba ta rage komai ba. Ta kawo min magani, ta tsefe min kai, ta zauna kusa da ni. Amma "Ummi, kuli", "Ummi, nami", ci, kwanta, duk da Larabci. In na yi mata Hausa ta amsa da kai. Na gane ba gardama ba ce. Hausarta da muryarsa take tafe, in ta buɗe baki shi za ta ji. Na kuma gane in na bari aka daɗe a haka, ƙofar za ta rufe, kuma ba ni da ƙarfin sake buɗe ta.

Ni ban san Sin ba. Ko Jidda ba na son zuwa. Amma wata Juma'a, ta miƙe za ta kwashe kwanuka, na ji bakina ya ce, "Jirgin ya zo."

Ta tsaya da tire a hannu.

Na ce jikar ta shiga ta samu wuri. Na ce masu talla sun kewaye tagogi, mai ƙosai, mai dafaffen ƙwai, mai rake. Kwandasta yana rataye a ƙofa yana kiran garuruwa.

"Ummi." Ta ajiye tiren. "Haza mu... wannan ba jirginsu ba ne. Wannan motar Kano ce da Baba yake faɗa."

"To ni ita na sani, ita ma a bakinsa."

"Nasu ba a buɗe... esh ismaha... shubbak?"

"Taga."

"Ba a buɗe taga. Kuma akwai wurin ɗiban ruwan zafi a kowane..." Ta yi da hannu.

"Tarago."

"Tarago. Kowa da taliyarsa a kofi." Ta zauna. "Ba haka Baba yake yi ba, ke kina sauri."

"To yi ke."

Ta yi. Da tuntuɓe, da aron Larabci, tana tsayawa tana tambayata kalma. Ita tana da Sin a wayarta, ni ina da kalmomin. Ta sa wa jikar maƙwabciyar kujera, wata mata mai surutu da kwandon lemo, wadda na gane matar mai gidan da muke haya ce ba tare da an faɗa min ba. Muka yi dariya, karon farko tun ranar Talatar nan, sannan dariyar ta koma kuka, sannan ta kwashe kwanukan.

Tun daga nan muna yi kowace Juma'a. Sauran kwanaki har yanzu Larabcin ya fi yawa, ba zan ce an gama ba. Amma shekaranjiya ta ƙona yatsa a murhu, da Hausa ta zagi tukunyar.

Matsalarmu ɗaya, jirgin. Ta duba ta ce tafiyar ba ta wuce kwana biyu ba, ko a jirgi mai jinkiri. Mu kuwa mun fi wata nawa a hanya. Ta sa dusar ƙanƙara ta rufe layin dogo. Da aka share, na sa tumaki suka hau layin. Ta ce babu yadda za a yi tumaki su tsayar da irin wannan jirgin, na ce ba ta san tumaki ba. Mun lalata inji, mun canza direba, mun sa mai lemo ta sauka a tashar da ba tata ba aka jira ta. Duk lokacin da duwatsun ƙauyen suka fara bayyana ta taga, ɗayarmu sai ta samo wani dalili. Ba mu taɓa zama mun yi shawarar haka ba.

Makon jiya ta tambaye ni kai tsaye ko ya taɓa faɗa min yadda zai ƙare, ko tsohon zai jira ta. Na ce bai faɗa ba. Ina jin shi ma bai sani ba, yana jiran alhazan bana ne su kawo masa. Ta ce to ni me na gani. Na ce ita fa. Ta ce ita ce ta fara tambaya.

Ba mu yanke ba. Jikar Mai Taliya tana cikin jirgi har yanzu, ba mu kai ta gida ba.